Ƙofar da Rasmane Ya Ƙi Bari

Rumfata ta gyaran moto, wato babur, tana kallon wata ƙaramar coci a gefen tsohon Zango, ta ɓangaren unguwar Bilbalogho. Ni Musulmi ne, ban taɓa leƙa cikinta ba, amma mai tsaron ƙofarta na san shi kamar yunwar cikina. Rasmane ke nan, mai walda. Tare muka tashi a Zangouettin, wato tsohon Zangon, kafin a rushe unguwar a watsa mu bayan gari. Ubansa Bamoshe, ɗan asalin ƙasar nan, uwarsa Iya Ƙaltume 'yar fataken goro. Taurin kai kuwa, a nono ya sha.

Da ya girma ya bi Kiristoci, Iya Ƙaltume ba ta zage shi ba, ba ta kore shi ba. Cewa ta yi kawai, "Ban yafe ba." Daga nan ta daina amsa gaisuwarsa. Duk Juma'a da yamma zai je ya durƙusa a bakin ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta ci gaba da tsince shinkafarta. Kalma ɗaya yake nema a bakinta, ta ce ta yafe masa kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Lokacin da aka fara jin labarin kai hari wuraren ibada a arewa, masallatai da coci-coci, fastonsu ya nemi maza su riƙa tsayawa a ƙofa ran Lahadi, ana karɓa-karɓa. Da farko har rububi ake yi. To, ka san ɗan Adam. Wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce suna da biki, aka bar Rasmane shi kaɗai a rana. Ƙofar ƙarfen ma shi ya ƙera ta. Ya ɗauki alkawari gaban jama'arsu cewa ba zai ɗaga daga wurin ba sai mutum na ƙarshe ya fita. Wayarsa kashe ta yake yi. Yana duba jaka, yana duba fuska, bakinsa na motsi.

Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Kai da ba ka da ko sanda, wa za ka tare?"

Ya ce addu'a yake yi wa kowa da sunansa. Wai yaƙin nasu ba da mutane ba ne, da Shaiɗan ne, kuma ta wurin mai gyangyaɗi yake shiga. "Ba ya zuwa da ƙaho," in ji shi. "Da uzuri mai kyau yake zuwa."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a." Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wata Lahadi da hantsi, suna tsakiyar waƙa, sai ga ƙanensa Muhsin a kan moto, ko tsayar da ita bai yi da kyau ba.

"Yaya, wayarka a kashe! Iya ce. Jikin ya rikice, kuma da bakinta ta ce a kira ka."

Ina riƙe da sifana na ji wannan. Rasmane ya dafa ƙofar. Ya leƙa ciki, ya dubi titi, ya ce, "Bari a tashi."

"A tashi? Yaya, Iya ce fa ke kiranka!"

"Na ji."

"To je ka, ni zan tsaya maka. Ai ina da ido."

Ni ma na tsallako na ce zan tsaya. Wallahi har zaginsa na yi. Na ce wane irin addini ne zai hana ɗa amsa kiran uwarsa? Na ce ya shiga ya fito da ɗaya daga cikin masu ciwon bayan nan mana. Ko gezau. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ba ido kaɗai ake tsayawa da shi ba. Na yi alkawari. In na tafi yau don dalilina mai kyau ne, gobe ma wani dalilin zai zo."

Muhsin ya buga moto ya koma. Ranar kuma, kamar da gayya, faston nasu ya ja wa'azi. Ba abin da ya faru a ƙofar. Ba baƙon da ya zo, ko akuya ba ta gifta ba. Da tsohuwar ƙarshe ta fito tana jan ƙafa, ya rufe ƙofar, ni na goya shi muka nufi bayan gari.

Tun daga kan kwana muka hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Rai ya yi halinsa.

Yayarsu Indabo ce ta fito ta same shi a zaure. Bai tambayi lokaci ba, bai tambayi ciwo ba.

"Yaya Indabo, ta ce wani abu?"

"Da Muhsin ya dawo shi kaɗai, ta tambaya kana ina. Ya ce kana gadin ƙofa, ka ƙi tasowa. Sai ta ce, 'Haka yake tun yana ƙarami. In ka ba shi ajiya, sai dai ya mutu a kanta.'"

"Ta ce ta yafe?"

"Abin da ta ce ke nan, Rasmane. Ba zan ƙara mata magana ba."

Ya tsaya daga gefe aka yi mata salla, ya bi mu har maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa. Har yau 'yan Zango ba su daidaita a kan maganar nan ta Iya ba. Wasu sun ce yabo ne, wasu sun ce baƙar magana ce. Ni dai haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Lahadin da ta biyo, ina buɗe rumfa na gan shi a inda ya saba. Yana duba jaka, bakinsa na motsi. Da na matsa don in yi masa gaisuwa, na ji sunan da yake ambata tsakanin na masu shiga. Ƙaltume yake cewa.