Jar Saniyar Inna

'Yata tana da shekara huɗu ta yanke hulɗa da duk wani abu fari. Madara, kindirmo, fura da nono, ko kallo ba su ishe ta ba. Abu ɗaya take yarda ya wuce maƙogwaronta: madarar cakulan ta kwali, wadda babanta ya koya mata a wani kanti a Kazaure. Malamar asibiti ta ɗora ta a sikeli, ta harare ni, ta ce yarinya ba ta ƙara nauyi, abin kwalin nan kuma sukarinsa ya yi mata yawa. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don wuyanta ya fara zama kamar na 'yar tsako.

Da aka yi hutu na kai ta rugar mahaifiyata, can bayan Roni. Inna mace ce da ba a wasa da ƙwaryar tatsarta. Ko sukari bai taɓa shiga cikin ƙwaryar ba, mu kanmu da muna yara ba ma taɓa ta sai mun wanke hannu. Ta tatso madara mai ɗumi ta miƙa wa jikarta. Yarinya ta leƙa, ta toshe hanci.

"Warin saniya yake yi," in ji ta.

"To da warin me zai yi, ƙawata? Warin mota?" in ji Inna.

Ni ce na fara ƙaryar. Na nuna jar saniya guda ɗaya da ke cikin farare, na ce ai waccan ce ke ba da mai cakulan. Na zaci magana ta ƙare. Sai yarinya ta ce a tatso ta gani.

Inna ta daɗe tana kallona, irin kallon da ke tuna wa mutum duk laifinsa na yarinta. Sannan ta karɓi gwangwanin garin cakulan da na zo da shi, ta shige ɗaki da ƙwaryarta. Ta fito ta durƙusa gindin jar saniya, madara na zuba tana komawa ruwan ƙasa. Yarinya ta shanye tas, har da lashe ludayi.

Kullum da safe haka ake yi, sai dai Inna tana rage garin kaɗan-kaɗan. Da yarinya ta yi ƙorafin launi ya fara koɗewa, Inna ta ce, "Saniyar ce ba ta da lafiya, ciyawa ta bushe."

Wata safiya muka nemi gwangwani muka rasa. Muka iske shi a garke, babu komai ciki, jar saniya tana lashe baki, 'yata na tsaye tana shafa mata wuya. Ashe ta gano shi a bayan tulu, ta yanke hukuncin maganin saniya ne Inna ke yi mata rowarsa, ta juye mata shi duka a cikin dusa.

"Inna, yanzu ta warke. Tatso!"

Kanti mafi kusa sai an hau acaɓa, ga yarinya ta tsuguna ta zuba ido. Inna ta yi bisimilla ta kama nono. Madara ta zubo fara fat.

'Yata ta karɓi ludayi, ta kurɓa, ta ɗaga kai tana juya abin a baki kamar mai sayen zuma a kasuwar Babura.

"Ya fara dawowa," in ji ta. "Launin ne bai iso ba tukuna. Ƙara mini."

Sau uku ana ƙara mata. Yarinya ta ruga wajen maruƙa. Sannan Inna ta wanke ƙwaryarta, ta sake wankewa, ta kife ta a rana, ta goge ido da bakin zane.

"Maganar cakulan ta ƙare a gidan nan," in ji ta. "Yau nonon shanuna ta sha."