Gidan da Hafsatu ta zana ba ƙofa

Jiya da la'asar na tarar da Hafsatu, 'yar ƙanwata, tana zane da gawayi a jikin katanga. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu take wurinmu a Rogo.

Ta zana gida har da rumbu da akuya, amma ba ƙofa.

Na ce, "Hafsatu, kin manta ƙofa."

Ta ce, "Ban manta ba, Kawu. In da ƙofa, ta nan za su shigo."

Sai ga ƙarar babur a bayan gida. Ta ruƙunƙume ƙafata. Wallahi ni ma sai da gabana ya faɗi.

Jama'a, yaya ake raba yaro da irin wannan tsoron?