Gyaɗar da Inna Ta Tsince

Aikina a birni kiwon ɓeraye ne. Haka nake faɗa wa mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Gangara, su yi ta dariya. Fararen ɓeraye ne a ɗakin gwaji. Muna haɗa musu abinci da garin gyaɗar da ta yi funfuna, mu zuba ido. Da fari ba a ganin komai. Sannu a hankali gashinsu ya tashi, su bar wasa, su lafe a lungun keji. In an buɗe cikinsu, sai a tarar hanta ta kumbura ta koɗe kamar tsohon sabulu. Shekara da shekaru ina kallon wannan hanta, na gaji da ganinta.

Wata kaka na je gida. Ruwan ƙarshe ya daki gyaɗa tana shanye a gona. Na iske Inna, mahaifiyata, a gindin rumbu da faifai biyu tana tsinta. Jajaye masu ƙiba na kasuwar Tanut ne. Baƙaƙen da suka motse, masu ɗaci, su ne na gida, a daka a yi miya da ƙuli-ƙuli. Haka muka taso muka ga ana yi, kuma tun rasuwar Baba ita kaɗai ke cin wannan miya.

Na durƙusa na ce, “Inna, wannan baƙar guba ce. Hanta take ci. Na gani da idona.”

“A cikin wa ka gani, Auta?”

“A cikin ɓeraye.”

Ta yi dariya har da tafi. “To, madalla da boko. Ɓeran rumbuna ita yake ci, ga shi nan ya fi ka ƙiba.”

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce wuta ba ta kashe gubar, wanki ba ya fidda ta, ba rana ɗaya take kayar da mutum ba. Tana ji, hannunta bai bar faifai ba. Daga baya ta ce, “Shekarar yunwa, da muka tona gidan tururuwa neman hatsi, kana goye a bayana. Da babu gwamma ba daɗi.”

Raina ya ɓaci, na kwashe baƙaƙen na kai juji. Da la'asar na hango ta duƙe a can, tana tsince su ɗaya bayan ɗaya cikin ƙwarya. Gajiya ce ta kama ni, irin wadda barci ba ya maganinta. Tsoro kuma nake ji, don na lura tana yawan dafe gefen cikinta na dama in za ta miƙe.

Ranar komawata ta rako ni bakin hanya, da na shiga mota ta ɗora mini ƙullin tsaraba mai nauyi a cinya. Sai da mota ta wuce Tanut na kwance. Gyaɗa ce, jajaye masu ƙiba, duk wadda ta ware don kasuwa. Na tona har ƙasa, ban ga baƙa ko ɗaya ba.

Ashe ta ji ni sarai. Ta yarda guba ce, shi ya sa ta tsince mini ita tas. Baƙaƙen suna can gida cikin ƙwarya, kusa da turminta.