Daminar da ya daina barcin hantsi

Shekarar da aka mayar da maigidana Kebbe da aiki, ɗanmu na fari bai daɗe da fara tafiya ba, ni kuma ina da ƙaramin ciki mai sa kasala. Muka baro Tambuwal, muka kama ɗaki a wani gidan haya bayan kasuwa. A gida ban taɓa lura da sau nawa yaron ke barci ba, domin in ya yi kuka wata ta ɗauka, in ya ɓingire wata ta shimfiɗe. A Kebbe na sani sarai: da hantsi, sai kuma bayan azahar. Na hantsin nan da shi nake rayuwa. Da ya rufe ido sai in bar kwanoni inda suke, in miƙe gefensa a tabarma, ban ma san lokacin da nake tafiya ba.

Farkon damina yaron ya daina na hantsin. Sai in goya shi in yi ta zagaya tsakar gida har ƙafafuna su yi nauyi, shi kuwa yana bayana yana jan ɗankwalina, yana kiran awakin maƙwabta. Ran da na ci nasara ya yi na hantsi, to na rana ya tafi ke nan, sai ya kai la'asar yana kukan da ba na yunwa ba, ya kife gab da magariba, in tashe shi, ya tashi da sabuwar rigima. Ran da bai yi ba kuma, kafin abincin rana ya nuna ya fara tuntuɓe da ƙafarsa, yana cizon hannuna.

Maigida kullum yana kan babur, yau Fakku, gobe wani ƙauyen, ya dawo wandonsa duk laka. Na kai masa ƙara wata rana yana cire takalmi.

Ya ce, "Ki bar shi mana. In kwana ya zo, shi yi abinai."

Na ce, "Malam, ba nashi kwanan nika biɗa ba, nawa nika biɗa."

Ya dube ni, ya ɗauki yaron suka fita ƙofar gida. Amma da safe dole ya tafi aiki.

Maƙwabciyata ta ce in ba shi maganin mura mai sa barci, wai rabin cokali ya isa. Na ce mata a'a, ko da yake na daɗe ina tunanin maganar. Na kira innata a waya, ta ce in kawo mata shi Tambuwal. Hanya kuwa ruwa ya cinye ta, ba wanda zai yarda in hau babur da ciki.

Akwai wata dattijuwa mai tallar nono da ke shigowa gidanmu daga rugarsu, daidai da hantsi. Wata rana ta tarar da ni zaune bakin ƙofa ina gyangyaɗi, yaron na bayana yana dukan kafaɗata da marfin kwano. Ta sauke ƙwaryarta, ta ce, "Ɗiyata, kwance shi. Wanga ba shi jin kwana, ke ka ji."

Na kwance goyon, sai hawaye suka zubo mini. Ta roƙi ruwa ta sha, ta ce ita ma ƙafafunta sun gaji, ko zan bar ta ta huta a inuwar rumfarmu kafin ta shiga kasuwa. Ta miƙa wa yaron ludayi da ƙaramar ƙwarya. Ya zauna gabanta yana ɗibar ƙasa yana zubawa, tana yi masa Fillanci, yana amsa mata da nasa yaren.

Haka muka shirya ba tare da mun yi shawara ba. Ta zo ta huta, ni in jingina da bango in rufe ido, ina jin muryarsu sama-sama. Na daina goya shi da hantsi. Na koma dafa masa abinci da wuri, in yi masa wanka, in ja shi da wasa har a kira azahar. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da ya yi barci da loma a baki, akwai ranar da ruwan sama ya hana ta zuwa, muka wuni ni da shi muna fushi da juna. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan abin ya zauna: barci ɗaya, mai tsawo, daga azahar zuwa kusan la'asar.

Maigida ya ce, "To, alhamdulillahi, kin huta."

Ban huta ba. Lokacin da yake barcin shi ne na wanki da tuwon dare, ga ciki ya fito, numfashina ma da ƙyar. Amma kukan yamma ya ƙare, magariba ta koma ta mutane.

Bayan girbi dattijuwar ta zo ba ƙwaryar talla, ta ce za su tashi da shanu, su yi kudu. Ta kawo wa yaron man shanu a ɗan gwangwani. Na ce, "Inna, wa zai riƙe mini shi yanzu?"

Ta ce, "Ya riga ya saba. Ke dai Allah shi sauke ki lahiya."

Washegari da hantsi na cika masa roba da ruwa, na jefa kofuna biyu a ciki, na ja kujera na zauna kusa da shi. Ya jiƙe rigarsa sharkaf, ya jiƙa ni. Na yi ta hamma ina kallonsa, ina sauraren ladan ya kira azahar.