Hannun Hagun Yaya Rifkatu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rufe yayata Rifkatu a Zuru, kuma sai bana na gano ban san abin da take kaɗawa ba.

Malamar firamare ce, amma a garin nan da piyano aka san ta. A kwalejin horon malamai wata tsohuwar Baturiya ta koya mata kiɗan Turawa na dauri, wanda ba ganga ba waƙa, sai yatsu goma suna hira da juna. Da ta fara albashi ta sayi piyanon lantarki na hannu. Ta rasu ta bar shi, ta bar 'ya ɗaya, Alheri, tana shekara huɗu.

Bana Alheri ta yaye zanen da aka lulluɓe piyanon da shi, ta danna wani maɓalli, sai kiɗa ya tashi da kansa. Ashe Yaya ta naɗi abu ɗaya a cikinsa. Yarinyar ta zo mini da gudu. "Kawu, wace waƙa ce wannan Mamana ta bari? Kai ne mai kwamfuta." Ni kuwa da rawar kai na ce ta ba ni mako guda.

Sana'ata rubuta manhaja, daga ɗakina nake yi wa mutanen birni aiki, in sabis ya ga dama. Na sayo igiyar da za ta haɗa piyanon da kwamfuta, bakinta ya ƙi shiga. Na sayo wata, kwamfuta ta ce sai ta sabunta kanta tukuna, tana tsakiyar yi aka ɗauke wuta. Allon piyanon kuma kullum ƙara dushewa yake, mai gyara ya ce ran da batirin ciki ya mutu, kiɗan ya tafi. Ƙarshe dai da duk karatuna, waya na kara a bakin lasifika na naɗa. Da Yaya na nan da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Da na zauna na saurara sai kaina ya ɗaure. Hannun hagu kaɗai ta naɗa, wato sautuka masu kauri da ke tafe a ƙasa suna tallafe waƙa. Hannun dama, mai ɗauke da ainihin karin, da kanta take ɗorawa in ta zauna. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Na ce ai wannan aikina ne. Jituwar sauti tana da ƙa'ida kamar lissafi: wannan amo yana zama da wancan, wancan ba ya zama da shi. Na rubuta manhajar da za ta nemo karin da ya dace da hagun Yaya. Ta nemo kuwa, har ta yi mini yawa. Duk wanda na kunna sai ya zauna daram.

Na koma ga mutane. Mijin Yaya, Malam Yohanna, ya rufe ido ya ce kiɗan Baturiyar nan ne, ya yi shi da fito, kiɗan ya zauna a kan hagun. Shugabar matan zumunta a cocinmu ta ce, "Haba ɗana, wanga ai waƙar jana'iza ce," ta rera, waƙar ta zauna. Na hau babur har Ribah wurin gwaggonmu, ita kuma ta ja wata waƙar noma da yarenmu C'lela, wadda ta ce tun Rifkatu na goye take ji. Ita ma waƙar ta zauna. Kowa ya rantse nasa ne, kowa ya yi hawaye. Na dawo gida ina tambayar kaina ko mata uku muka binne.

Me Yaya za ta ce da zamanin nan, da samarin coci ke danna maɓalli ɗaya na'ura ta yi musu hannu biyun? Ban sani ba. Da can ina cika baki na san ra'ayinta a kan komai.

Mako guda ya zama wata biyu. Na kira Alheri, kunya ta ishe ni, na ce, "Ɗiyata, ban samo ba. In kina so in zaɓa miki ɗaya cikin na kwamfuta."

"A'a Kawu, bar shi haka."

Ta ja kujera ta kunna hagun uwarta, ta ɗora yatsa ɗaya na dama, ita da ba ta taɓa koyo ba. Amon farko ya yi karo da na ƙasa, ta yamutsa fuska ta matsa gaba. Na biyu ma haka. A na uku suka jitu, ta tsaya a kai tana murmushi.

Har yau ban san sunan waƙar ba, kuma na daina yi wa kowa gardama a kai. Abin da na gani da idona shi ne yarinyar da ba ta tuna fuskar uwarta, ga uwar tana yi mata gyara, ita kuma tana ji.