Kiɗin da Ba Ya Kiran Kowa

Shekara ta biyu da ruwa yay yi muna rowa, maigidana ya rasa wanda zai yi ma kiɗi. Makaɗin noma na, gayya ka fidda gangarshi, to wa zai kira gayya ga geron da ya ƙone tun bai kai gwiwa ba? Sai ya zamna zaure shina haɗa wani sabon abu da mutanenshi: ganga biyu, kalangu, gurmi, da sarewar wani Bafillace da shanunshi sunka mutu. Ba waƙa, ba kirari. Ina tsakar gida ina saurare, wani bi in leƙa in ce, "Mai kalangu shina riga ku." Su yi dariya, su gyara.

Kiɗin ya yi daɗi ƙwarai, amma mutanenshi sun faɗa mai gaskiya: in bai kawo hatsi ba, ci-rani za su. Su ɗin nan kuwa tun ubanshi na raye suke tare.

Ran kasuwar Bafarawa sunka kai kiɗin. Ni da ko suna sai an ja ni, rannan na bi su. Mutane sun taru, sun yi tsit, kowa na jiran ya ji sunan wa za a kira, don manomi ba ya kyauta sai an ambace shi da ubanshi. Maigida kuwa da gangan yac cire sunaye, kada ya kira mutum gaban jama'a rumbunshi wayam.

Wani tsoho yac ce, "Makaɗi, wanga na wane na?"

"Na kowa na, baba."

"To kowa shi ba ka."

Anka yi dariya, anka fara watsewa. Na matsa kusa da maigida, na ce mai, "Ga mai hatsi can bisa buhu. Kira shi, don Allah, ko sau guda. In ba ka kira ba, ni za ni kira."

Ya dube ni. Sannan ya ɗaga ma mai sarewa hannu ya tsai da shi, ya juya ganga zuwa tsohon taken noma, ya wasa mai hatsin nan da bai taɓa riƙa kalmen noma ba. Anka aiko da dawa cikin masaki. Da anka raba ta, ta kowa ba ta rufe gindin ƙwarya ba.

Kasuwa ba ta kewayo ba mai kalangu ya hau mota zuwa ci-rani, mai gurmi ya bi shi.