Tafiyar Suna Zuwa Jugu a Motar Ƙanena

Mun tashi da asuba daga tashar jirgin ƙasa ta Paraku, a kamiyon, babbar motar kayan da ƙanena ke tuƙawa. An loda masa gishiri da siminti, ni kuma na shiga gaba da kwandon goro, don matarsa ta haihu a Jugu, washegari suna. Tun da aka samu 'yancin kai ake cewa za a zuba wa hanyar nan kwalta. Har yau jar ƙasa ce mai gargada, tana girgiza mutum har haƙoransa su riƙa gaisawa.

Rabona da shi tun azumi. Ya rame, idanu sun yi zuru-zuru, baki kuma ba ya rufuwa. Kafin mu fita gari ya gama ba ni labarin motocin da zai saya. A shingen jandarma na ga ya zaro wata 'yar ƙwaya ya haɗiye ba ruwa. Direbobi na ce mata a-ji-garau. A tasha ake sayar da ita tare da ashana, ta fi fura araha.

"Yaya, daina kallona haka," ya ce. "Barci kawai take korewa."

Da hantsi muka tsaya wani ƙauye inda mata ke daka sakwara, da miyar wagashi, cukun nan na Fulani. Muna yara, a kan wannan abinci muke faɗa da shi. Ranar loma ɗaya ya yi ya ture kwanon, wai ba ya jin ɗanɗano. Bayan azahar ƙwayar ta sake shi, surutu ya mutu. Taya ta fashe, ya sauka yana zagin ƙarfe. Muka shiga Jugu da la'asar, jajaye kamar an tono mu, ƙuguna kamar ba nawa ba.

Suna ya yi kyau. Dangin matar jikokin fataken goro ne, sun san karɓar baƙi. Aka yanka rago, malamai suka yi addu'a, aka miƙa wa ƙanena ɗansa na fari. Ya riƙe shi kamar an ba shi ajiyar wani. Can ya same ni bayan gida wurin tukwane, ya tsuguna.

"Yaya, na rungume shi ina jira in ji wani abu. Wallahi ban ji komai ba."

Na ja shi wurin kawun matarsa, wanda ke aikin jinya a asibitin garin, na gaya masa batun ƙwayar. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da ke sakar wa mutum daɗi kaɗan-kaɗan in ya ci abinci ko ya ga nasa. Ƙwayar matse wurin take yi ya zubar da komai lokaci guda. Yau da gobe sai ya dakushe, abinci da ɗa ba sa iya motsa shi, ita kanta ƙwayar sai an ƙara. Na tambaya ko wurin yana dawowa daidai. Ya ce yakan dawo in an daina, amma a hankali, kuma farkon akwai wuya.

Ƙanena ya aika wa ubangidansa mai motar cewa ya nemi wani direba. Na baro shi yana barci kamar gawa. Ko zai daure, ban sani ba.

Na dawo a wata motar, direbanta ma na ga hannunsa ya je aljihu. Na kau da kai, na gaji. Da can na ɗauka barci kaɗai ƙwayar nan ke ci, ashe har farin cikin mutum take cinyewa tun bai zo ba. Da na isa unguwarmu Zongo a Paraku, Inna ta tare ni a ƙofa tana tambaya ko ya yi murna da yaron. Na ajiye kwando na ce, "Inna, ki sa shi a addu'a. Yana so ya yi."